Hanci ke zuba, amma ƙirji ake dubawa: yadda jikin yaro ke yaƙi da mura

Da hunturun bara wata dattijuwa ta shigo ɗakin shan maganin da nake aiki a wani ƙauye kusa da Jega, surukarta na biye da ita da goyo. Tun ba su zauna a kan benci ba ta fara magana: "Malama, wanga yaro bai rabuwa da majina. Tun da munka yanke shinkafa sau ukku ke nan. A yi mai allura mai ƙarfi, jikinai ba ya da ƙwari."

Na ce, "Inna, sannu da hanya. Bari in gan shi tukuna." Yaron watansa 14. Hanci na zuba, ido ya ɗan yi ja, jiki da ɗumi. Amma kokawa yake ta yi ya ƙwace biron da ke hannuna, kuma da uwar ta ba shi nono ya kama ya sha sosai. Na ɗaga rigarsa na ƙirga numfashinsa, sau 32 a minti ɗaya. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Ban yi masa allura ba, kuma na ga ran dattijuwar ya ɓaci. Ban ga laifinta ba. Ta biya kuɗin mashin, ta baro aikinta, jikanta na tari dare da rana, an kuma ce mata ta koma gida da farasitamol. Abin da na yi ƙoƙarin faɗa mata cikin minti biyar shi nake so in baje a nan, don kusan kowane gida ana wannan muhawara.

Mu kan ce sanyi ya kama yaro. Sanyi na da hannu, zan zo kansa, amma mai kawo mura ƙwayar cuta ce da ake kira bairas. Ƙanƙantarta ta wuce ta bakteriya, wani jinsin ƙwayar cuta daban, nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya hayayyafa da kanta sai ta kutsa cikin ƙwayar halittar jikin mutum ta mayar da ita masana'antarta. Atishawa da tari ke watsa ta, haka hannun da ya share majina ya kama kofin sha. Ba iri ɗaya ba ce. Rainobairas, wadda ta fi kowacce kawo murar yau da kullum, ita kaɗai tana da nau'i sama da 160. Ga infuluwenza, ga adinobairas, ga wadda ke sa yaro tari mai ƙara kamar haushi, ga dangin korona guda huɗu da suka daɗe suna yawo cikin mutane tun kafin annobar 2020, ga kuma wata mai sauka ƙirjin jarirai da ake kira RSV, wadda kusan kowane yaro ke gamuwa da ita kafin ya cika shekara biyu.

Ƙaramin yaro mai cikakkiyar lafiya kan yi mura sau shida zuwa takwas a shekara. Kowace kan ɗauki mako guda zuwa kwana goma, tarin kuma kan ja har mako biyu ko uku. A lissafa. Yaro na iya shafe sama da wata biyu cikin shekara da majina a hanci, ba tare da wani abu ya lalace a jikinsa ba. In gidan babba ne, yayyensa na zuwa makarantar allo da ta boko suna ɗebo sababbi, lissafin ya fi haka.

Kariyar farko tana nan cikin hanci da maƙogwaro. Bangon hanyar numfashi na lulluɓe da majina siririya mai yauƙi, ƙura da ƙwayoyin cuta su maƙale a ciki. A ƙarƙashinta akwai wasu 'yan gasu da ido ba ya gani, suna kaɗawa ba dare ba rana, suna tura majinar zuwa maƙogwaro a haɗiye, ruwan ciki ya narkar da abin da ta ɗebo. Sharar gida ce da ba ta tsayawa. Nan ne hunturu ke yi mana ɓarna. Busasshiyar iska mai sanyi na sa majinar ta yi kauri, sharar ta yi nawa. Ƙurar da iska ke kwasowa tun daga ƙasar Chadi ta ƙara wa hanyar kaya. Sannan sanyi ya kora kowa ɗaka, a rufe ƙofa da taga, a hura wuta, mutum takwas su sha iska ɗaya har safe. Kar a ɗauka dai da hunturu kawai ake mura. A ƙasashe masu zafi irin namu RSV takan yi yawa da damina.

In bairas ta tsallake sharar ta shiga ƙwayar halitta, sai wadda aka shiga ta yi kururuwa. Kururuwar wani sinadari ne mai suna intaferon, wanda wasu masana biyu suka gano a Landan a 1957. Da ya bazu, maƙwabtan ƙwayoyin su ɗaura ɗamara, su rufe hanyoyin da bairas ke bi ta hayayyafa, tun ba ta iso gare su ba. Wasu sinadaran kuma su buɗe jijiyoyin jini na cikin hanci don mayaƙa su samu hanya. Toshewar hancin da ke hana yaro barci yawancinta wannan kumburin ne. Ruwa ya tsattsafo daga jijiyoyin, majina ta yi ta zuba tana wanke wurin. Fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi, su haɗiye abin da suka tarar, da yawansu su mutu a fagen.

Ina so a riƙe wannan da kyau: a cikin waɗannan fararen ƙwayoyin akwai wani sinadari mai launin kore. Shi ya sa bayan kwana biyu ko uku majina kan juya daga fara ta koma ɗorawa ko koriya. Iyaye da yawa, har da wasu masu sayar da magani, na ɗaukar koriyar majina shaida ce cutar ta "nuna", lokacin kafso ya yi. Launin kaɗai ba ya nuna haka. Gawar mayaƙan yaron ce ke fitowa.

Masassara ma aikin jikin ne. Sinadaran kururuwar kan bi jini su isa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke daidaita zafin jiki, ya ɗaga ma'aunin da gangan. Shi ya sa yaro ke rawar ɗari alhali jikinsa kamar garwashi: ƙwaƙwalwa ta ce a ƙara wuta. A cikin wannan zafi mayaƙan jiki sun fi kuzari, wasu ƙwayoyin cutar kuma hayayyafarsu na raguwa. Kasala, yawan barci da ƙin abinci duk saƙon sinadaran nan ne. Wato majina, toshewar hanci, atishawa, zafin jiki, yawancin abin da muke gani mu tsorata alamar yaƙi ce da jiki ke yi. In muka zuba duk ƙarfinmu wajen tsayar da su, an bar jaki ana dukan taiki.

A wannan sahu na farko yara ba raunana ba ne. Annobar korona ta nuna wa duniya haka: dattawa na ta faɗuwa, yawancin yara kuwa suka wuce da ɗan zazzaɓi ko ma ba alama. A 2021 masu bincike a Jamus suka duba ƙwayoyin cikin hancin yara da na manya, suka tarar na yara a shirye suke tun kafin cuta ta zo, na'urorinsu na gane bairas sun fi yawa, kururuwarsu ta fi saurin tashi.

Abin da yaro ya rasa shi ne hadda. Yayin da sahun farko ke gwabzawa, wasu ƙwayoyi kan ɗauki guntun bairas ɗin su kai wa kaluluwa, 'yan ƙwallayen nan da kan kumbura a wuyan yaro ko bayan kunnensa in yana mura. Can ne makaranta. A can ake zaɓo wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T da na B, waɗanda suka dace da wannan bairas ɗin takamaimai, su yi ta ninkawa. Ƙwayoyin B su ƙera makaman da ake kira antibodi, masu liƙe wa bairas su hana ta shiga ko'ina. Ƙwayoyin T kuma su bi gida gida su kashe duk ƙwayar halittar da cutar ta riga ta mamaye. A karon farko wannan shiri na cin kusan mako guda, wanda shi ne kusan tsawon murar. Bayan an gama, wasunsu su zauna a jiki shekara da shekaru da karatun a kai. Ranar da wannan bairas ɗin ta dawo, cikin ɗan lokaci za a gama da ita, wani lokaci mutum bai ma san ta zo ba.

Matsalar ita ce haddar ɗaya ba ta wadatar da ɗaya. Wanda ya haddace rainobairas ta farko, ta biyu baƙuwa ce a wurinsa. Babba ya yi shekara talatin yana tara karatu, shi ya sa murarsa ba ta wuce biyu ko uku a shekara. Jikan dattijuwar nan kuwa yanzu ya fara, allonsa sabo ne, kowace mura darasi ce ta farko. Wasu kuma kamar RSV ba a haddace su sarai. Sukan sake kama mutum, sai dai na biyu da na uku kan zo da sauƙi. Infuluwenza ita sauya kama take yi shekara shekara.

Allah da ikonsa, jariri ba ya zuwa duniya hannu rabbana. A watanni ukun ƙarshe na ciki, antibodin uwa kan bi ta mabiyiya su shiga jininsa, guzuri daga duk cututtukan da ita ta sani. Shi ya sa bakwaini ya fi shiga haɗari, ya fito ba a gama ɗaure masa guzurin ba. Guzurin kuma ƙarewa yake yi a hankali, zuwa wata shida saura kaɗan, daidai lokacin da yaro ke fara kai komai baki. Iyaye mata sun san wannan lokaci, sukan ce haƙori ne ya kawo. Nono ke cike giɓin. Dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da launin ɗorawa, cike yake da wani nau'in antibodi da ke shafe maƙogwaro da hanjin jariri kamar yaɓe. Har gobe ina ganin gidajen da ake matse shi a zubar wai ƙazanta ne, a ba jariri ruwan dabino ko madarar shanu kafin "nono ya wanku". Duk sanda na ji haka raina na sosuwa, don babu abin da ke cikin kabad ɗin maganinmu da ya kai waɗannan 'yan cokulan daraja.

To ina haɗarin yake, tunda yara na mutuwa kuma mun sani? Yana ƙasa, cikin ƙirji. Hanyoyin iskar jariri sirara ne. Ɗauki bututu mai faɗin milimita 4, bangonsa ya kumbura da milimita 1 ta kowane gefe: saura milimita 2, kashi uku cikin huɗu na hanyar ya tafi, wahalar tura iska ta ninka har sau 16. Kumburin da babba zai ji kamar kaikayin maƙogwaro, ga jariri shaƙewa ce. Abin da RSV ke yi ke nan. Takan sauka ƙananan rassan huhu, matattun ƙwayoyi da majina su cunkushe su, sai ka ji ƙirjin jariri na fito. Ga shi jarirai da hanci suka fi numfashi. In ya toshe, kama nono ya gagara, yunwa da ƙishirwa su ƙara kwantar da shi. An ƙiyasta cewa a 2019 RSV ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000 a duniya, sama da kashi 97 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Bairas ɗin ɗaya ce a ko'ina. Bambancin shi ne wa ke isa asibiti mai iskar oksijin a kan lokaci.

Hanya ta biyu ita ce ana kukan targaɗe sai ga karaya. Bairas ta kaɗe 'yan gasun sharar, ta bar bango a kwaile. Bakteriyar da dama ke zaune lafiya lau a hancin yara da yawa sai ta samu hanya ta gangara huhu. Yaron da ya fara warwarewa sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, numfashi ya yi sama sama. Wannan ita ce nimoniya, wadda wasunmu ke kira ciwon haƙarƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara biyar a 2019. A ƙididdigar UNICEF ta 2018 Nijeriya ce kan gaba a duniya, da yara 162,000.

Akwai abubuwan da ke karya garkuwar yaro da gaske, kuma duk muna zaune da su. Tamowa na gaba. Bayan ƙashin ƙirjin yaro akwai wata 'yar tsoka mai suna taimos, inda ƙwayoyin T ke samun horo. A jikin yaro mai tamowa motsewa take yi. Irin wannan yaro nimoniya na iya cinye shi jikinsa bai ko yi zafi ba, don ba shi da ƙarfin hura wutar. Sai hayaƙi. Uwa na tuƙa tuwo a murhun kara da goyo a baya, kan jariri daidai inda hayaƙin ke tashi. Ɗakin maijego a rufe ruf da kaskon gawayi da turaren wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya na danganta kusan rabin mutuwar ƙananan yara ta ciwon huhu da hayaƙin cikin gida. Na san ba kowa ke da kuɗin gas ba, amma sauke goyo a ba wani ya riƙe kafin a gama girki, da barin taga a buɗe, ba su cin ko sisi.

Ƙyanda kuwa sai na tsaya a kanta. Ita ma ta numfashi take shiga, amma abin da take nema shi ne ƙwayoyin haddar nan da kansu. Takan shige su ta kashe. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan yaran da ba a yi wa rigakafi ba ya nuna ƙyanda ta shafe daga kashi 11 zuwa kashi 73 cikin ɗari na nau'o'in antibodin da suka tara. Ta wanke allon ke nan. Ƙuraje su warke, a yi murna, amma yaro ya koma kamar sabon shiga, cututtukan da ya riga ya ci galabarsu su dawo masa ɗaya bayan ɗaya na tsawon watanni, har shekaru. Iyayenmu sun lura da haka tun da daɗewa, sukan ce wane tun da ya yi ƙyanda bai sake lafiya ba. Allurar wata 9 da ta wata 15 ke tare wannan. Allurar rigakafi kuwa ba komai take yi ba illa biya wa jiki karatun ba tare da ya sha wahalar cutar ba. Waɗanda ake yi a mako 6, 10 da 14 na ɗauke da kariya daga tarin shiƙa da manyan bakteriya biyu masu kawo nimoniya. Ita ma RSV an samar mata allurar da ake yi wa mai ciki don ta miƙa wa jariri ta mabiyiya, an amince da ita a Amurka da Turai a 2023.

Yanzu mu zo kemis. Yaro ya kwana uku da mura, a je a sayo amoksisilin ko wani kafso, a ba shi, kwana uku ya warware, a ce maganin na da kyau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairas ko kaɗan. Kwanakin murar ne suka cika. Abin da ya bari a baya shi ne gudawa, da bakteriyar da ta saba da maganin, ta yadda ranar da nimoniya ta gaske ta zo zai iya kasa aiki. Amoksisilin shi ne babban makaminmu a kan nimoniyar yara, mai araha ne, kuma ina jin ciwon yadda muke dakushe shi a kan majina.

Ruwan maganin tari ma ba ya gajarta mura, ba a kuma so a ba ƙananan yara, musamman mai sa barci. Tari shi ke fito da abin da ya taru a ƙirji. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya da ciwon ƙoda, aka danganta mutuwar da gurɓataccen ruwan maganin tari da mura. Asfirin kada a ba yaro mai zazzaɓi, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Cire belu wurin wanzami ba ya tsayar da tari, sai dai ya buɗe ciwo a maƙogwaron da dama ke fama.

Abin da ke taimako ba shi da tsada. A ƙara yawan shayarwa, a ba wanda ya wuce wata shida ruwa da kunu kaɗan kaɗan, akai akai. A ɗiga ruwan gishirin hanci da ake sayarwa a kemis kafin ba da nono. Farasitamol daidai nauyin yaro in zafin ya hana shi sakat. Zuma na lafa tari ga wanda ya wuce shekara ɗaya, amma kada a ba jaririn da bai kai ba. Kuma a ƙasar fadama irin tamu, duk zazzaɓi sai an yi gwajin maleriya, ko da majina na zuba.

Sauran aikin na ido ne. A jira yaro ya natsu, ba yana kuka ba, a ɗaga rigarsa, a ƙirga tashin ƙirji na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa wata 11, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko ƙofofin hanci na buɗewa, ko yana gurnani, ko leɓe ya sauya launi, ba a jiran gari ya waye. Haka in ya kasa kama nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ana tashinsa ba ya tashi. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu kuwa, da jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, asibiti kai tsaye.

Kafin su tafi ran nan na ce wa uwar ta ɗaga rigar yaron da kanta. Na kunna mata agogon wayata, ta sa ido a ƙirjinsa tana ƙirgawa a hankali, leɓenta na motsi. Ta ce talatin da huɗu. Na ce in ya kai arba'in, ko ta ga nan wurin na shiga ciki, na taɓa ƙasan haƙarƙarinsa, ta taho ko da tsakar dare ne. Dattijuwar da ta riga ta miƙe ta gyara mayafi sai ta dawo ta zauna, ta matso da fuskarta kusa da cikin jikanta.

"Ɗiyata, sake kunna agogon," in ji ta. "Ni ma in ƙidaya."